Kana Karanta Harshen Waje a Jami'a? Ga Matakan Mayar da Shi Sana'a Kafin Ka Kammala

Tambayar da ɗalibai suka fi yawan aiko mini ita ce: "Ina karanta Faransanci, ko Larabci, ko Sinanci, in na gama wane aiki zan yi ban da koyarwa?" Wasu iyayensu ne suka matsa musu da tambayar, wasu kuma sai da suka shiga shekarar ƙarshe abin ya fara damunsu. Ayyukan suna nan, kuma da yawa. Sai dai digiri kaɗai ba ya kai mutum gare su. Mai ɗaukar aiki abu uku yake son gani: shaidar matakin da ka kai a harshen, wani fanni da ka sani bayan harshen, da aikin da ka taɓa yi da hannunka. Dukansu ana iya tanadarsu tun ana makaranta, in an bi su daki-daki. Ga yadda ake yi.

1. Auna matakinka na gaskiya

Kafin komai, ka san inda kake. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne na Majalisar Turai, wanda ake kira CEFR, aka fitar da shi a 2001. Hawa shida gare shi: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A2 zai iya gaisuwa da tambayar hanya. Mai B1 zai iya hira kan abin da ya saba da shi. Daga B2 ake fara maganar aiki, domin a nan ne mutum ke iya bin taro, ya rubuta wasiƙar ofis, ya kare ra'ayinsa ba tare da ya gajiyar da mai sauraro ba. Fassara ta ƙwararru da tafintanci kuwa sai C1 zuwa sama.

Ka auna fasahohin huɗu daban-daban: ji, magana, karatu, rubutu. Cibiyoyi irin su Goethe-Institut da Instituto Cervantes da TV5Monde suna da gwaji ko samfurin tambayoyi kyauta a shafukansu na intanet. Don ji da magana, ka kunna labaran rediyo na minti biyar a harshen, ka kashe, sannan ka ɗauki muryarka a waya kana maimaita abin da aka ce. Saurari kanka. Wannan gwajin ba ya ƙarya.

Hattara: makin da kake samu a aji ba shi ne matakinka ba. Akwai mai cin nahawu da adabi da maki mai kyau, amma in aka kira shi a waya da harshen sai baki ya mutu. Kuma harsuna ba ɗaya suke ba wajen cin lokaci. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, wajen awa 900 ga Jamusanci, amma awa 2,200 ga Larabci, Sinanci, Japananci ko harshen Koriya. In ɗaya daga cikin huɗun nan kake karantawa, darasin aji kaɗai ba zai kai ka ba.

2. Zaɓi hanya ɗaya, ka riƙe ta biyu a aljihu

Ya kamata a yanke wannan shawarar a shekara ta biyu, domin ita ce za ta nuna maka jarrabawar da za ka zauna da kayan aikin da za ka koya. Tun ran gini ran zane.

Fassara a rubuce ta fi dacewa da mai haƙuri, mai son zama shi kaɗai da takarda. Ta haɗa da takardun shari'a, na asibiti, na kamfanoni, rahotannin ƙungiyoyi, da daidaita manhajoji da shafukan intanet zuwa wani harshe. A gefenta akwai fassarar da ake rubutawa a ƙasan bidiyo.

Tafintanci wata sana'a ce daban, ko da yake mutane suna haɗa su. Akwai na bi-da-bi, inda mai jawabi zai yi magana ya tsaya, tafinta ya duba ɗan rubutun da ya yi ya faɗa. Akwai na nan-take, wanda ake yi a manyan taruka cikin ɗan ɗakin gilashi, tafinta yana ji ta kunne yana faɗa a lokaci guda. Saboda nauyinsa, mutum biyu ke zama a ɗakin, suna karɓar juna kusan duk bayan rabin awa. Sannan akwai tafintancin kotu, asibiti da ofisoshin 'yan gudun hijira, wanda yanzu da yawansa ta waya ko bidiyo ake yi.

Koyarwa, wadda ɗalibai ke rainawa, ita ce ta fi saurin kawo kuɗin farko. Ba makaranta kaɗai ake nufi ba: akwai cibiyoyin harshe, akwai horar da ma'aikatan kamfani, akwai koyarwa ta intanet a dandali irin su italki da Preply.

Sai ayyukan da harshe yake shiga a matsayin ƙari, kuma a ganina nan ne mafi yawan guraben suke, ko da yake ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Kamfanonin shigo da kaya da fitarwa, jiragen sama da na ruwa, otal-otal da yawon buɗe ido, bankuna, kamfanonin gine-gine da haƙar ma'adinai masu aiki a ƙasashen da ba nasu ba, sashen kula da abokan ciniki na kamfanonin fasaha. Akwai aikin jarida a kafofi masu sassan harsuna da yawa kamar BBC, DW, RFI da TRT. Akwai ƙungiyoyin agaji kamar ICRC (Red Cross ta duniya) da MSF (ƙungiyar likitoci ta Doctors Without Borders), waɗanda ke matuƙar buƙatar masu Faransanci da Larabci. Akwai ma'aikatar harkokin waje da ofisoshin jakadanci. Akwai kuma sabon fage: kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna ɗaukar masu harshe don tantance amsoshin inji da rubuta magana daga sauti.

Hattara: kada ka zaɓi tafintancin nan-take don kawai ka ga ya fi ƙayatarwa. Kusan duk masu yinsa a manyan taruka sai da suka ƙara digiri na biyu na musamman, kuma jarrabawar shiga waɗannan makarantu tana zubar da mutane da yawa. In shi kake so, mataki na tara naka ne.

3. Ɗora wani fanni a kan harshen

Wannan matakin ne ya fi raba masu samun aiki da masu jira. Masu jin Faransanci a duniya miliyoyi ne, kuma yawancinsu da shi aka raine su, don haka in harshen ne kaɗai hajarka, da su kake gasa. Amma mai jin Faransanci wanda ya san yadda ake rubuta kwangila, ko mai jin Sinanci da ya san takardun kwastan da na jigilar kaya, ko mai jin Larabci da ya fahimci tsarin bankin Musulunci, waɗannan ba su da yawa.

Yadda za ka yi: ka duba kwasa-kwasan zaɓi da jami'arka ta yarda ka ɗauka daga wasu sassa. Shari'a, tattalin arziki, akanta, hulɗar ƙasa da ƙasa, kiwon lafiyar al'umma, aikin jarida, kwamfuta. Ka zaɓi ɗaya, ka bi shi zango bayan zango, kada ka riƙa tsalle. In jami'ar ba ta ba da dama ba, akwai darussa a Coursera da edX, da FUN-MOOC ga masu Faransanci, kuma da yawa ana iya bibiyarsu kyauta in ba ka buƙatar takardar shaida. Abin da ya fi amfani shi ne ka yi darasin a cikin harshen da kake koyo: ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Daga ranar da ka zaɓi fanni, ka buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets mai layi huɗu: kalmar, ma'anarta a ɗaya harshen, jimlar da ka tsince ta a ciki, da inda ka samo ta. Wannan ƙamus naka ne na kanka, kuma bayan shekara biyu ya fi duk wanda za ka saya amfani. Rumbun kalmomi na UNTERM na Majalisar Ɗinkin Duniya da IATE na Tarayyar Turai a buɗe suke ga kowa. Aikin bincikenka na shekarar ƙarshe ma ka karkata shi nan. In kana da zaɓi, ka fassara wata takarda ta fanninka ka yi sharhi a kai, sai ya zama aikin makaranta kuma abin nuna wa mai ɗaukar aiki.

Hattara: kada ka manta da harshen da za ka fassara zuwa cikinsa. Ƙa'idar sana'ar ita ce mutum ya fassara daga harshen da ya koya zuwa harshen da ya fi ƙarfi a kai. Mai karatu ba ya ganin asalin takardar, rubutunka kawai yake gani. In ba ka iya rubutu mai tsabta a harshenka na farko ko harshen da ka yi karatu da shi ba, ƙwarewarka a harshen waje ba za ta cece ka ba. Ka riƙa karanta rubutu mai kyau a cikinsa, ka san ƙa'idojin rubutunsa, ka ba wani ya riƙa duba maka.

4. Zauna jarrabawar da duniya ta sani

Mai ɗaukar aiki a wata ƙasa bai san jami'arka ba, amma ya san waɗannan takardun. Faransanci: DELF daga A1 zuwa B2, DALF a C1 da C2. Jamusanci: Goethe-Zertifikat, da TestDaF ga mai son shiga jami'a. Sifaniyanci: DELE ko SIELE. Harshen Fotugal: CAPLE ko Celpe-Bras na Brazil. Sinanci: HSK, tare da HSKK na magana. Japananci: JLPT, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Harshen Koriya: TOPIK. Rashanci: TORFL. Ga Larabci da wasu harsunan akwai gwajin baka na ACTFL da ake kira OPI. In Turanci ne harshen wajen naka, IELTS, TOEFL ko jarrabawar Cambridge.

Tsarin da za ka bi shi ne wannan. Ka nemo cibiyar jarrabawa mafi kusa da kai a shafin hukumar da ke shirya ta, ka rubuta ranar rufe rajista, domin takan riga ranar jarrabawa da makonni. Ka sauke tambayoyin baya. Ka yi aƙalla cikakken gwaji uku da agogo a gabanka, ba tare da ƙamus ba. Sai ka ga kana wucewa da rata mai kyau sannan ka biya kuɗi. Kuɗin rajista yana ƙaruwa da hawan mataki, ba a cika mayar da shi ba, kuma ka lissafa da kuɗin tafiya da masauki in cibiyar tana wani gari. Shi ya sa ban ga amfanin biyan A1 da A2 ba ga ɗalibin jami'a, sai in biza ko tallafin karatu ya buƙata. Ka adana kuɗin don B2 ko C1.

Ka san ƙa'idar cin kowace. A DELF B2 ana buƙatar maki 50 cikin 100, amma in ka samu ƙasa da 5 cikin 25 a sashe ɗaya ka faɗi, ko da sauran sun yi kyau. Goethe B2 kuwa kashi huɗu ce masu zaman kansu, wanda ka faɗi shi kaɗai za ka sake. JLPT ba ta gwada magana ko rubuta insha'i, don haka mai N2 ko N1 ya shirya wa ganawar baka daban. Ana yin ta ne a Yuli da Disamba, a wasu ƙasashen ma sau ɗaya a shekara. In ta wuce ka, sai jira.

Hattara da wa'adi. DELF, DALF da DELE ba sa mutuwa. Amma IELTS, TOEFL, TCF (wata jarrabawar Faransanci) da TOPIK shekara biyu ne ƙarfinsu, haka ma sakamakon HSK in don neman jami'a a Sin ne. Irin waɗannan kada ka zauna su a shekara ta biyu, su lalace kafin ka karɓi digiri. Ka bar su sai shekarar ƙarshe.

5. Koyi kayan aikin sana'ar

Kwamfutar tafi-da-gidanka ko da tsohuwa ce, intanet mai ɗan ƙarfi, da abin sawa a kunne mai makirufo: waɗannan su ne jarin. Waya kaɗai ba ta isa aikin fassara ba. Ka saita allon rubutun harshen a kwamfutar, ka koyi bugawa da sauri ba tare da kallon yatsu ba.

Kamfanonin fassara kusan duk suna aiki da manhajojin da ke yanka takarda jimla-jimla, suna adana duk abin da ka fassara a rumbu, in jimla makamanciyarta ta sake zuwa su tuna maka. Manyansu Trados Studio, memoQ da Phrase, kuma na kuɗi ne. Kada ka saya tukuna. OmegaT kyauta ce, Matecat ma kyauta ce kuma a intanet take aiki, tsarin duk ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya zai kama sauran cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa kamfanin da ya ba ka aiki shi zai ba ka izinin shiga tasa. Don fassarar ƙasan bidiyo akwai Subtitle Edit da Aegisub, su ma kyauta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce layi biyu a allo, kowane layi bai wuce harafi 42 ba.

Sai maganar inji, wadda ba ta kaucewa. Tun da Google ya canza tsarin fassararsa a 2016, DeepL ta fito a 2017, ChatGPT a ƙarshen 2022, fassarar takardu masu sauƙi ta yi arha ƙwarai, musamman tsakanin manyan harsunan Turai. Wanda ya ce maka ba abin da ya canza bai gaya maka gaskiya ba. Yanzu kaso mai yawa na aikin da kamfanoni ke rabawa gyaran fassarar inji ne, har akwai ƙa'idar duniya a kansa, ISO 18587 ta 2017. Ka koye shi: ka ɗauki takarda, ka fassara da kanka, ka ba inji ita, ka gwama. Za ka ga inda yake yawan tuntuɓe, wato lambobi, sunaye, kalmar korewa da ta ɓace, kalmar fanni ɗaya da aka fassara iri uku a shafi ɗaya, da jimla mai daɗin karatu wadda ta faɗi abin da ba a ce ba. Inda ɗan Adam ke da daraja har yanzu shi ne inda kuskure ke da tsada, kamar kotu da asibiti, da inda ake son salo, da harsunan da inji bai ƙware a kansu ba.

Hattara: kada ka taɓa liƙa takardar abokin ciniki a injin fassara na kyauta ba da izininsa ba. Yawancin kwangiloli suna da sharaɗin riƙe sirri, kuma wannan kaɗai ya isa a kore ka.

6. Tara ayyukan da za ka nuna

Kowa ya san matsalar: ba a ba ka aiki sai kana da gogewa, ba ka samun gogewa sai an ba ka aiki. Mafitar ita ce aikin sa-kai, amma wanda ke barin shaida. Translators without Borders tana ɗaukar masu sa-kai kuma tana lissafa kalmomin da ka fassara. Akwai shirin masu fassarar jawaban TED, inda sunanka ke fitowa a jikin bidiyon. Akwai sa-kai ta intanet na shirin UNV na Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai fassara maƙaloli a Wikipedia. A cikin jami'ar ma, ofishin ɗaliban ƙasashen waje da tarukan da ake gayyato baƙi kullum suna neman mai taimako. Ka je ka gabatar da kanka, kuma bayan an gama ka nemi a rubuta maka wasiƙar shaida tun abin yana sabo.

Daga cikin ayyukan ka zaɓi uku zuwa biyar mafi kyau, kowanne kamar shafi ɗaya, asali a gefe fassara a gefe. Ka ba malami ko wanda harshen nasa ne ya duba, ka gyara, ka mayar da su PDF guda. Mai son koyarwa ya tanadi tsarin darasi biyu da bidiyon minti biyu yana gabatar da kansa. Mai son jarida ya tanadi rahoto uku da ya rubuta ko ya naɗa.

Hattara: sa-kai ga ƙungiyar agaji daban, aikin banza ga kamfanin da ke cin riba daban. Kuma ka sa wa abin iyaka. Shekara ɗaya ta isa.

7. Nemi zama a inda ake magana da harshen

Zango ɗaya a cikin masu harshen yana gyara kunne da baki fiye da yadda littafi zai yi. Ka fara da ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arka, ka tambayi yarjejeniyar musayar ɗalibai. Sannan ka duba DAAD na Jamus, Campus France, Erasmus+ na Tarayyar Turai, tallafin gwamnatin Sin, MEXT na Japan, GKS na Koriya ta Kudu, da Türkiye Bursları na Turkiyya. Yawancinsu ana rufe neman su watanni da yawa kafin fara karatu, don haka fasfo, sakamakon karatu da wasiƙun malamai su kasance a hannu tun da wuri. Ka karanta da kyau ko tallafin ya haɗa da tikiti da masauki ko kuɗin makaranta ne kaɗai. Waɗannan shirye-shirye kai tsaye ake neman su. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi.

In tafiya ba ta yiwu ba, ka samu abokin musayar harshe a Tandem ko HelloTalk, awa ɗaya sau uku a mako, rabi a harshensa rabi a naka. Mai Larabci ya tuna cewa Fusha, wato daidaitaccen Larabci, ita ce ta rubutu da labarai, amma tafinta a asibiti ko sansanin 'yan gudun hijira karin harshen Masar, Sham, Sudan ko Magrib zai ji. Ya zaɓi ɗaya ya saba da shi.

8. CV, neman aiki da maganar kuɗi

CV ɗinka shafi ɗaya, cikin harsuna biyu. Kada ka rubuta "ina jin Jamusanci sosai". Ka rubuta matakin, sunan jarrabawar da shekarar. Ka nuna alkiblar fassararka, daga wane harshe zuwa wane, sannan fanninka, manhajojin da ka iya, da ayyukan da ka yi tare da adadin kalmomi ko awanni. Kuskuren rubutu ɗaya a CV na mai harshe ya isa a ajiye shi gefe. Ka buɗe LinkedIn da ProZ.com, dandalin masu fassara, ka riƙa duba ReliefWeb don ayyukan agaji, ka kuma aika wa kamfanonin fassara kai tsaye ta shafinsu na ɗaukar masu fassara. Wasu za su tambaye ka ƙa'idar ISO 17100: tana karɓar mai digiri a fassara, ko mai digiri a wani fanni da gogewar shekara biyu, ko mai gogewar shekara biyar. Mai son koyarwa a ƙetare ya ƙara takardar koyarwa, kamar CELTA ga Turanci ko DAEFLE ga Faransanci.

Kamfani zai ba ka gwaji. Kalma 200 zuwa 300 kyauta abu ne da aka saba. In ya kai shafuka, aiki ne ake son karɓa a banza.

Ana biyan fassara da adadin kalmomin asali, bidiyo da minti, tafintanci da awa ko yini, koyarwa da awa. Don sanin farashinka, ka tuna cewa gogaggen mai fassara yakan yi kalma 2,000 zuwa 2,500 a yini, sabon shiga kuwa ƙasa da haka. Ka raba abin da kake buƙata a wata da kwanakin da za ka samu aiki, ba duk kwanakin wata ba, ka ƙara kuɗin intanet, wuta, haraji da abin da dandali ko banki ke cira, sannan ka raba da kalmomin da kake iya yi a yini. Kafin ka taɓa aiki, a rubuta maka ta imel: adadin kalmomi, farashi, ranar miƙawa, ranar biya. Kamfanoni da yawa sai bayan kwana 30 zuwa 60 suke biya, ka shirya wa hakan. Ka kuma tabbatar hanyar biyan tana aiki a ƙasarka tun kafin ka karɓi aikin.

Hattara da 'yan damfara, domin sababbin masu fassara suke farauta. Salon da ya fi yawa: a ba ka aiki da farashi mai tsoka, a turo cek ko shaidar biya da ta fi kuɗin, a ce an yi kuskure ka mayar da ragowar, daga baya ka gano biyan na bogi ne. Wani salon shi ne a ce ka biya kuɗin rajista ko na katin shaida kafin a sake maka haƙƙinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka duba ko adireshin imel ɗin ya dace da shafin kamfanin, ka kuma nemi sunan kamfanin a Blue Board na ProZ.com, inda masu fassara ke faɗin wanda ke biya da wanda ba ya biya.

9. Ga mai hangen manyan ƙungiyoyin duniya

Wannan doguwar hanya ce, kuma zaɓin harshe yana da tasiri tun daga farko. Majalisar Ɗinkin Duniya harsuna shida take aiki da su a hukumance: Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Tarayyar Turai tana da 24. Tarayyar Afirka tana amfani da Larabci, Turanci, Faransanci, harshen Fotugal, Sifaniyanci da Swahili. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar masu fassara da tafintoci ta jarrabawar gasa da ake sanarwa a shafinta na ayyuka, ana nema ta dandalinta na Inspira, kuma a mafi yawan gurabe ana son cikakkiyar ƙwarewa a ɗaya daga cikin shidan da sani mai zurfi a wasu biyu. Ke nan in nan ka dosa, ka fara harshe na uku tun kana jami'a.

Ƙungiyar tafintocin taruka ta duniya, AIIC, wadda aka kafa a 1953, ta kasa harsunan tafinta gida uku: A shi ne wanda ka fi ƙarfi a kai, B wanda kake iya fassarawa zuwa cikinsa, C wanda kake fahimta sarai amma daga shi kawai kake fassarawa. Makarantun digiri na biyu da wannan tsarin za su tambaye ka, irin su ESIT a Paris, tsangayar fassara ta Jami'ar Geneva, ASTI a Buea ta Kamaru, da Jami'ar Nairobi. Don shirya wa jarrabawar shiga, ka riƙa sauraron jawabi na minti uku kana maimaita shi a ɗaya harshen ba tare da rubutu ba, ka kuma riƙa karanta labaran duniya kullum a duk harsunanka, domin ana gwada sanin al'amuran yau da kullum kamar yadda ake gwada harshe.

Akwai ƙofofi biyu ƙanana da ya kamata ka sani. Horon aiki a Sakatariyar Majalisar na wata biyu zuwa shida ne, a buɗe yake ga ɗan shekarar ƙarshe, ɗan digiri na biyu, ko wanda ya riga ya kammala. Amma ba a biyan albashi, tikiti da masauki a kanka suke, don haka ka yi lissafi kafin ka nema, ko ka duba guraben da ake yi daga gida. Ɗayar ita ce shirin matasan ƙwararru na YPP, wanda ke buƙatar digiri na farko, Turanci ko Faransanci, da shekaru 32 zuwa ƙasa. Jerin ƙasashe da fannonin da aka buɗe wa yana canzawa kowace shekara, sai ka duba ko ƙasarka da fannin da ka ɗora a mataki na uku suna ciki kafin ka cike takarda.